Ƙirge Bai Cika Ba

Daren Asabar a Tawa, bayan shagon hoton Sahabi,
mun kife kalandar bara a kan tabur.
Ni na zana kurkukun da jan biro:
hawa bakwai ƙarƙashin dutsen gishiri,
da rijiya mai tona asirin wanda ya leƙa ta.

Murfin kwalba, matsafiyar Tsahara.
Ƙwallon dabino, maharbin Illa.
Maɓallin riga, maƙerin Sahabi da aka yanke wa inuwa.
Ƙwayar kuwa, mai fuska ashirin,
daga Yamai ta zo, ƙulle cikin safa.

Kawu Nomau shayi kawai ya zo sha.
Shekara talatin da ɗaya yana gadin gidan kaso,
har yau in ya miƙe, hannunsa kan laluɓi ƙugu
inda makullai suka bar masa kanta.
Kujera ɗaya babu kowa. Muka ce zauna.
Muka ba shi ɓarawo. Ɓarin goro ne jikinsa.

Na gyara murya: "Sarƙa ta tsinke, kuna lungu na uku.
Ga mai gadi, ƙato mai kan bunsuru,
yana gyangyaɗi bisa mashi."
Illa ya ɗana kibiya tun ban rufe baki ba.
Kawu ya dafe ƙwayar da tafi.
"Mi as sunanai?"

Ban raɗa masa ba.
A takardata: mai gadi, ƙarfi sha huɗu, rai tara.
Ke nan.

"Babu mai gadin da ba shi da suna, ɗiyata.
Yana da haƙori mai ciwo,
mai shinkafa na bin shi bashi,
shi ma ba a buɗe mishi sai safe."

To, na ce, Tunau.

Ɓarawo ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi haƙori,
ya zaro kanumfari daga bakin hula.
Jefa, Kawu.
Ta gangara, ta daki kofin shayi, ta tsaya.
Uku.
Tunau ya karɓi kanumfari, ya busa ƙaho.
Aka mayar da kowa mari.
Tsahara ta yi tsakin da ya tada karen maƙwabta,
wuta kuma ta ɗauke, kamar da ita aka shirya.

A hasken waya Kawu ya sunkuya kan taswira.
"Kowa kwaɗo yake kallo.
Ƙofa ta gindi take mutuwa."
Kwana uku na wasa, minti goma namu,
suna haɗiye ƙishirwa, suna zuba rabon ruwansu
a gindin ƙyauren gishiri,
har ya durƙusa kamar raƙumi.

Lungu na uku. Ga Tunau, ido biyu wannan karo,
kumatu ɗaya a cike, yana ƙamshi.
Ba wanda ya taɓa kibiya.
Kawu ya juya ƙwayar a tafi, ya daɗe,
ya hura mata kamar garwashi.
Sha bakwai.

Na dubi takardata, babu abin da na tanada.
Na ce: "Tunau ya juya, yana kallon bango.
Wai akwai tsaga a nan da bai taɓa lura ba."

Su uku suka yi ihu, suna faɗan wa zai fara hawa igiya.
Kawu bai ce komai ba.
Ya nuna kurkukun da yatsa, ɗaki ɗaki,
leɓensa na motsi kamar mai lazimi,
yadda ya yi kowane dare, shekara talatin da ɗaya.

"Huɗu sun ɓace," in ji shi.
Sai dariya, har da tari, har da share ido da hula.
"Yau na ƙirga bai cika ba, kuma zan yi barci."

Ya ɗauki ɓarawonsa daga bakin taswira,
ya kakkaɓe, ya jefa a baki.
Asabar mai zuwa, ya ce, a zo da wani goron.