Abin da Rariya Ta Riƙe

A Kuusamo rana leƙowa kawai take yi
ta koma, kamar wadda ta yi ɓatan ƙofa.
Babana Aulis bai damu ba,
dare ne gonarsa.
Ɗakinsa na bayan gida, jikin rumfar itace,
eriya ɗaure tsakanin dogayen bishiyoyi biyu,
nauyin ƙanƙara ya sa wayar ta yi ciki.

Rediyonsa ya girme ni.
Kwalabe ne a cikinsa, jajaye kamar garwashi,
sai sun ji ɗumi suke buɗe baki.
Warin dalma, warin ƙura mai zafi, kofi ya huce.
Yakan murɗa a hankali, kai a karkace,
cikin shuuu ɗin nan mai kama da ruwa a kan kwano,
can sai ya ɗaga yatsa:
"Ji. Tsuneo ne, daga Hokkaido."
Ni ban ji komai ba.
"Ba kya jin hannunsa? Yana jan dogon bugu
kamar mai ɗingishi."

Bara na kawo masa akwati, bai cika tafin hannu ba.
Na ce, Baba, wannan ba saurare yake ba, ƙirga yake.
Yakan yanka igiyar sauti gunduwa-gunduwa,
dubbai kafin ka ƙifta,
kowace gunduwa ya ba ta lamba,
ya tankaɗe, ya zubar da dusa, ya miƙo maka gari.
Ya ce, "Wa ya gaya masa wacce ce dusar?"

Daren farko ya kama Chile.
Ya kama wani tsibiri
da ya yi shekara talatin yana farauta.
Daƙiƙa goma sha biyar, layi ya faɗo a allo:
sunan kira, lambar ƙarfi, sai an jima.
Ya rubuta a littafinsa, fuska ba yabo ba fallasa.
"An gaisa," ya ce, "amma ba wanda ya yi tari."

Na kunna masa matatar murya.
Hayaniya ta kwanta, muryoyi suka fito a wanke,
sai dai kamar daga cikin tulu.
Ya kashe.
Ya ce a mayar masa da ruwan samansa.

To, kunne ma yana tsufa.

Cikin sanyin bana, wani dare,
siririn zare ya bayyana a allo,
yana yankewa, yana dawowa,
gajere, gajere, dogo mai jan ƙafa.
Baba ya juya ga tsohon nasa,
ya murɗa, ya ƙure ƙara,
ya danne abin kunne da hannu biyu.
Ni daga bakin ƙofa ina jin bugun raɗau.
Shi bai ji ba.

Ya daɗe a zaune.
Sannan ya gyara tabarau, ya matso ga allo,
ya bi zaren da yatsa, leɓensa na motsi.
"Shi ne," ya ce. "Dubi ɗingishin."
Ya jawo maɓallin tagulla ya amsa.

Yanzu dukansu biyu a kunne suke kwana.
Ƙaramin na ƙirgo masa duniya.
Babban kuwa, ko eriya ba a haɗa masa ba,
yana ci jazur a kusurwa,
kyanwa na barci a kansa,
nan Baba ke gasa yatsunsa
kafin ya kira Hokkaido.