Aji a Bakin Tafkin Titikaka

Ranar da na iso ƙauyen nan,
benci biyar a jere suna kallon allo,
yara ashirin da uku, baki a ɗinke.
Sanyi ya kutso ta ƙasan ƙofa, ya zauna a gaba,
kamar shi ne ɗalibin da ya fi kowa himma.

Wata biyu ina zuba Sifaniyanci
kamar mai ɗibar ruwa da kwando.
In yi tambaya, idanu su zube ƙasa.
In ɗaga murya, su ƙara nisa.

Kakar Wilber ce ta fara gyara ni.
Ta zo da tsohon bargon gashin tumaki,
ta cusa a gindin ƙofa, ta dube ni:
"Malam, hannun da ke rawar ɗari
ba ya riƙe alƙalami."

Washegari na ja benci zuwa inda hantsi ke faɗowa,
na karya layi, na yi da'ira,
na sauko daga dandamalin da aka gina mini.
Da Aimarancina mai ɗingishi na ce:
"Dankali iri nawa ne a gonarku?"

Dariya ta ɓarke, harshena ake wa.
Na bar ta ta zaga ɗakin,
ita ce wutar farko da muka hura.

Sai Nilda, wadda na zaci bebiya ce,
ta ɗaga yatsu, goma suka kasa,
ta ari na Eulogia.
Sha bakwai ta lissafa, kowanne da sunansa:
mai jan ciki, mai ƙahon sa,
da wanda ake shanyawa a raɓar dare
a tattake da ƙafa da safe.
Ranar da dankali muka yi lissafi,
muka tara, muka raba, muka gasa saura.

Yanzu in amsa ta zo a karkace
ba ma korar ta.
Baƙuwa ce, sai mu ba ta wurin zama,
mu tambaye ta ta wace hanya ta biyo.

Ban ce komai ya gyaru ba.
Fortunato har yau yakan ɓace
duk ranar da babansa ya tura kwalekwale.
Wurinsa na nan kusa da taga,
ba mai zama.
In ya dawo yana ƙarnin kifi,
ba na tambayar ina ya shiga.
Alli nake miƙa masa:
"Zana mana tafkin. Ina ya fi zurfi?"