Amya Ta Bakwai

A gangaren Bohinj, inda tafki ke daskarewa,
kakana Zdravko na da amya goma sha biyu,
kowacce da zane a goshinta:
ta farko zakara, ta bakwai wata mata
tana korar shaiɗan da tsintsiya.

Da kaka kaska ta shigo musu,
ja, ba ta kai ƙwayar riɗi ba.
Takan hau 'ya'ya tun suna cikin saƙa,
su fito da fiffike a murɗe,
su mutu ba su san iska ba.

Na zo daga Ljubljana da kwalabe uku
da littafin ƙirga.
Ya dubi kwalaben, ya nuna bayan ɗaki:
"Tinkara, kin sayo abin da nake nomewa.
Magani a gonar yaro."

Muka dafa na'a-na'a da tazargade,
muka ɗiga man kanumfari a ruwan sukari.
A ta uku hannuna ya yi nauyi.
Da safe gawa ta cika bakin ƙofa.
Na share su da gashin dinya, ban ce uffan ba.
Shi ma bai ce ba.
Cokalin kawai ya canza mini, ya ba ni ƙarami.

Ta bakwai ta sha kaɗan-kaɗan.
Kullum nakan zaro farin allo daga ƙarƙashinta
in ƙirga kaskar da ta zubo:
arba'in, ashirin da ɗaya, tara.
Ban sani ba ko ganyen ne ya kayar da su,
ko ƙarfi ya ƙara wa ma'aikatan
har suka shiga tsince wa juna baya
kamar uwa na duba kan ɗiya.
Su ma da nasu sirrin:
danƙon da suke kwasowa daga tohon itace
su liƙe duk wata kafa da cuta za ta bi.

Dusar ƙanƙara ta sauka, kakana ya kwanta,
ƙirji na ƙugi.
Ya ce, "Je ki saurara mini."

Na manna kunne a katako mai sanyi.
Ta uku shiru.
Ta bakwai, can ciki, ƙasa-ƙasa,
guna, kamar tukunya kafin tafasa.

Na dawo da ƙanƙara a gira.
Bai tambaye ni ba, fuskata ya karanta,
ya miƙo kofi:
"Ragowar na'a-na'ar fa?
Da ƙaramin cokali."