Abin da Ke Gefen Takarda

Mahaifina Shekarau a Mai Wurno ya yi karatu,
ƙarƙashin rumfar kara, bayansa ga Nilu,
hasken wuta ne fitilarsa.
In malam ya ce baƙin nan ba ne,
to ba ne, an gama magana.
Bai taɓa ɗaga ido ya ce don me ba.
Haka dai muka taso muna ji.

Ni kuwa, shekarar da ruwa ya cinye gonar riɗinmu
aka ɗinka min gajeren wando,
aka kai ni madarasa.
Benci, ƙararrawa, taswira a bango
wadda na duba, na sake dubawa, ban ga garinmu ba.
Ustaz Jalal yana da rula mai bakin ƙarfe.
Ran da na ce wa Gambo "ara min fensir" da Hausa,
ya ce rutana ke nan, miƙo hannu.
Sau biyar.
Abu biyu na koya a ranar:
amsa ɗaya ce tak, tana bayan littafi,
harshe kuma kamar takalmi ne,
a bakin ƙofa ake tuɓe shi.
Da wannan na ci jarrabawa,
da shi na yi shekara talatin ina auna buhu a kasuwar Gadarif,
ban taɓa musu da sikeli ba,
ko ran da na san ƙarya yake yi.

Yanzu ga 'yata Ishraƙa,
aji uku a jami'a, fannin haɗa magunguna.
Rabin malamanta mutane ne, rabi suna cikin waya.
Ka ce mata tafarnuwa na sauke hawan jini,
ta ce wa ya gwada, a kan mutum nawa?
Ka ce haka muka gada,
ta ce su kuma wa ya faɗa musu?
Uwarta na gasa kisra tana girgiza kai:
yarinyar nan ko gishiri sai ya kawo shaidu.
Nakan ji haushi.
Nakan kuma ji wani abu a ƙasan haushin
da ban so in kira sunansa.

Juma'ar da ta wuce, garin neman takardar gida,
muka buɗe akwatin kwanon Baba.
Ƙamshin ƙaro da tsohuwar tawada,
ganyen ajami ɗaure da zaren auduga.
Ta ce karanta min.
Na juya, na juya. Haruffan na san su,
amma sun ƙi buɗe min baki.
Sai muka ƙetara wurin Inna Tabawa,
mai shekara tamanin da ido ɗaya mai kyau.

Ta karanta tsakiya, darasin malam ne, tsaf.
Sannan ta karkata takardar wajen haske.
A gefe, rubutu siriri kamar sawun tururuwa:
"Malam ya ce haka. Ni ban gamsu ba."
Wani shafin:
"Don me kogi ke cika alhali nan ba a yi ruwa ba?"
Ƙarƙashinsa:
"Zan tambaya in ya huce."

Ishraƙa ta yi dariya har da hawaye,
ta ɗauki hoton kowane gefe.
Ni kuwa jabanata ta huce a finjali.
Ashe tambaya 'yar gidanmu ce,
ni kaɗai ta tsallake,
ko kuwa rular Ustaz ce ta kore ta daga tafina.

Da daddare, ina kishingiɗe kan angarib,
na kira ta a hankali, kada uwarta ta ji.
Na ce, ke, shin don me kogin ke cika?
Ta ajiye wayar,
ta jawo kujera.