Inda Ake Ajiye Alƙalami

Ƙarfe huɗu a Duluth, duhu ya riga ya sauko.
Dusar ƙanƙara ta toshe rabin tagar aji bakwai.
Ni kaɗai na rage, da shayin da ya huce,
da takardu ashirin da shida
da suka ƙare da baki ɗaya.

"Daga ranar na gane darajar iyali."
"Wannan ya koya mini kada in karaya."
"Sai na farka, ashe mafarki ne."
'Yan shekara goma sha biyu,
kowa ya rufe labarinsa da murfin aro,
kamar tukunyar da ake jin kunyar a leƙa.
Ba na ganin laifinsu.
Ni na zana musu a allo: mafari, tsakiya, darasi.

Ga takardar Leif Ojala.
Shafi uku a kan jirgin kamun kifin kakansa,
koren fenti, suna ya goge saura harafi biyu,
ƙarni a safar hannu da sabulu ya gaji da shi,
da Asabar ɗin da wani mutum daga Two Harbors
ya zo da mota da sarƙa,
ya ƙirga kuɗi a kan murfin injin,
ya ja jirgin ya tafi.
Kakan bai fito ba. Ya ce gwiwarsa ce.
Shafi uku ban numfasa ba,
sai layin ƙarshe:
"Na koyi cewa komai da lokacinsa."

Washegari na tsayar da shi a bakin ƙofa.
Leif, wa ya faɗa maka wannan?
Ba kowa. Ai haka ake rufewa.
Da motar ta sha kwana, kana ina?
Bakin gareji.
Me ke hannunka?
Ya dubi takalminsa, ƙanƙara na narkewa a ƙarƙashi.
Shirun ya yi tsawo, ƙararrawa ta kusa cetonsa.
Makullin akwatin ƙugiya, in ji shi. Mun manta mu bayar.
Ka kai wa kakanka?
A'a.
Yana ina?
Ya dafa aljihun wando.

Shekara goma sha tara ina koyarwa,
abin da na iya bai wuce wannan ba:
in kama bakina a nan.

Ba kowa ya saya ba.
Itzel ta ce mafarkinta na nan daram,
don in ba mafarki ba ne, to karen ya mutu da gaske.
Na bar mata.
Nodin ya yanke sakin layi guda da almakashi,
ya manna shi a bayan takarda, ko za a nema.
Priyanka ta tambaya ko rashin darasi zai rage maki.

Ran Juma'a Leif ya ajiye tasa a kife,
ya fice kafin in ɗago kai.
Layi uku ne sababbi, rubutun ya karkace:
"Da dare kaka ya ce, kun ba shi komai da komai?
Na ce e.
Makullin bai daina sanyi a cinyata ba har na yi barci."

Can ƙasan tudu gadar ƙarfe ta ɗaga,
jirgin tama na ƙarshe a bana ya yi kuka sau uku,
gadar ta amsa masa.
Na ɗauki jan alƙalami, na fara a gefen shafi:
"Madalla, wannan ya nuna mana cewa..."

Na dubi abin da hannuna ya yi.
Jan tawada ba ta gogewa.
Na ja layi ɗaya a kai,
na sa hula, na kashe fitila.