Takarda Kan Buhun Albasa

Ɗana Nafi'u ya dawo daga Akoka
da wata takarda mai zane kamar tsani,
ya shimfiɗa ta kan buhuna, ya ce,
"Baba, ga ƙasashen duniya an jera.
Na sama ɗin nan, ɗakunan ibadarsu
tattabaru ne ke kwana ciki,
amma taskarsu har tana amai.
Na ƙasa mu ne, masu sahun gaba,
masu kwana tsaye, masu raya Lahadi,
ga aljihu kamar rariya.
Malaminmu ya ce mu nemo dalili."

Na ce ɗaga ta, za ta ɗau wari.

Ni ban shiga Akoka ba sai da kaya a ka.
Shekara talatin da ɗaya ina Mile 12,
na zo da taguwa ɗaya da kibiyar dako,
abin da ido ya gani shi zan faɗa maka.

Ka san Iya Ronke ta Ketu.
Duk Talata buhu arba'in take ɗauka,
ba lauya, ba sa hannu, ba shaida.
Ran Litinin ta kwance bakin zane,
kuɗin na warin kifi, amma cif suke.
Ta ce Yesu na kallonta,
na ce ni ma akwai Mai kallona.
Banki bai taɓa ba ɗayanmu sisi ba,
tsoron nan shi ne jarinmu.
Da shi na biya kuɗin makarantarka.
Sa wannan a tsaninka, in da matakinsa.

Sai dai kada ka rufe littafin tukuna.
Masaƙar Ikeja da kawunka Sallau
ya bar yatsu biyu a cikinta,
yau bencina ne jere inda injuna suke,
ana roƙon aiki da ƙarfin lasifika
a ɗakin da aikin ya mutu.
Ban yi dariya ba. Da wane bakin?
Masallacinmu sau uku ana sauya masa tayil,
kwatar ƙofarsa tun kana goye take toshe.
Na san mai zuwa Umra duk azumi,
mudunsa bugaggen gindi ne,
leburorinsa na bin sa ladan wata huɗu.

Tirela ta taso daga Aliero ran Alhamis.
Shinge nawa kafin Ibadan? Tambayi Mati direba.
Wani hannun da carbi yake miƙowa,
wani da gicciye a wuya,
farashin dai ɗaya.
Kafin ta iso Ojota buhu tara sun zama ruwa.
Wannan asarar, ɗana, a layin wane addini
malaminku zai rubuta ta?

Kakarka in ta ga ɗan malam ya lalace
sai ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Na daɗe ina sayar da ita, na yarda.
Rijiya ɗaya ke shayar da ita da rake.

Waɗancan na saman tsani ban san su ba.
Wataƙila kakanninsu sun ji tsoron Allah
har ya zame musu awo da alƙali,
jikoki suka gaji awon, suka manta Mai shi.
Wataƙila kuma kwasar na wasu suka yi.
Ban sani ba. Ba na rantsuwa kan buhun da ban buɗe ba.

An kira azahar.
Uchenna mai barkono ya ɗago kai,
ya san rumfata tasa ce na minti goma,
kamar yadda tasa take tawa safiyar Lahadi.
Nafi'u ya naɗe takardarsa, ya bi ni alwala.
Ɓawon albasa ya manne a kan wata ƙasa,
ya kankare, tabon ya ƙi fita.