Makullan Tankari

Daga Tawa na hau motar albasa,
na sauka inda kwalta ta gaji ta kwanta.
Garin dutse ne, ja kamar hantar rago,
garin da kakana ya baro ba sallama.

Aka ce in nemi Tankari.
Na same shi gindin gawo yana ɗinkin takalma,
makullai biyar a mazagin wandonsa.
Biyu daga ciki, gara ta cinye ƙofofinsu tun tuni,
amma bai yar ba.

Muka fara da ganuwa.
Abin da ya saura bai kai ƙugun yaro ba.
"Nan aka tsaya da kibau," in ji shi,
"su kuwa da abin da ke tari sau ɗaya namiji ya faɗi.
Kafin azahar an gama."
Wata akuya ta haye kai tana hararmu
kamar ita aka naɗa Mayaƙi.

Sai barikin kumandan bisa tudu,
bango mai kaurin taƙi uku, rabin rufi.
Jemagu sun buɗe lakwal a ɗakin shari'a.
Cikin kaso akwai zanen farce,
layi bayan layi, wani yana ƙirga kwanansa,
ya kai arba'in da ɗaya ya daina.
Na ce, sakinsa aka yi?
Ya ce, "Bango bai faɗa ba."

A gidan Sarjan Bizo
ɗiyarsa Tsahara, ita ma haƙora sun ƙare,
ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado:
lambar tagulla, cokali, takardar da ba mai karantawa.
An kai shi yaƙin wasu, bayan teku,
inda sama ke zubo da abu kamar audugar rimi.
Ya dawo da tari,
kuma har ya rasu bai ci tuwo ba
sai bayansa na jingine da bango.
Hular ƙarfensa tana tsakar gida,
kaji na shan ruwa a ciki.
"Gara haka," in ji ta.

Nan na gyara murya.
Na ce ni jikan Arzika ne, Arzika tafinta,
mai farin takalmi da agogon aljihu.
A gidanmu ana cewa bakinsa ne ya ceci garin nan.

Tankari ya dubi ƙafata, bai dubi fuskata ba.
Ya laluba makulli na ƙarshe.

Wani ɗan ɗaki ne bayan kasuwa,
yanzu albasa ake jibgewa ciki.
"Nan yake zama da littafi.
Kumandan ya faɗi adadi,
shi ya san gidan da ke da samari.
Hanyar da motarka ta biyo,
da ka aka ɗauko duwatsunta.
Talatin aka tafi da su. Kakana na ciki.
Ashirin da shida suka dawo."

Warin albasa ya cika mini ido,
na gode masa da ya ba ni abin fakewa.

"Wasu sun ce hamsin Bature ya nema,
Arzika ya murɗa harshe har ta koma talatin.
Wasu in an ambace shi sai su tofar da yawu.
Duka biyun na ji daga bakin masu furfura.
Ni dai ɗinki na iya.
Tuɓe wannan, dutse ya tsinke maka maɗauri."

Na zauna ƙafa ɗaya ba takalmi
a ƙofar da kakana ya ƙirga kakansa,
yana soka basilla, yana jan zare da haƙori.
Kuɗin yawo ya ƙi karɓa.
Na ɗinki ya karɓa, dala ashirin,
ya ƙirga sau biyu a gabana.

Da la'asar na hau bayan mota, bisa buhuna.
Har muka kai kwalta
ba dutsen da bai gaisa da ƙashin bayana ba.